Kwana Biyar a Kan Keke Cikin Duwatsun Faransa

Yara, kowa a cikinku ya san keke, wanda wasu ke ce ma belo. Da shi malamin lakkwal yake zuwa aiki. Da shi ake kai kaya kasuwa, da shi ake kai saƙo ƙauye. A wurinmu keke abin aiki ne. Amma a wasu ƙasashe akwai mutanen da suke ɗaura kayansu a kan keke, su bar gida kwana biyar ko goma. Ba fatauci suka fita ba, ba kuma tsere suke yi ba. So suke su ga ƙasa da idonsu, su san mutanenta. Da Faransanci ana ce ma irin wannan tafiya cyclotourisme, wato yawon ganin ƙasa a kan keke.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya wannan tafiya ba ta da wuya ƙwarai. Amma in ƙasar ta duwatsu ce, daga hawa sai gangara, to magana ta sake. Yaran Adar, na wajen Keita da Buza, sun san yadda tudu yake karya gwiwar mai keke. A wannan darasi za mu ga yadda mutum mai matsakaicin ƙarfi yake ratsa irin wannan ƙasa, kwana da kwanaki, ya isa lafiya. Asirin abin ɗaya ne: ya san yadda zai kashe ƙarfinsa kaɗan-kaɗan, don ya ishe shi har ƙarshen hanya.

Mutumin da ya koya ma jama'a hawan dutse

A kudancin Faransa akwai wani ƙaramin gari, sunansa Pernes-les-Fontaines. A can aka haifi Paul de Vivie a shekarar 1853. Da ya girma ya shiga cinikin siliki, ya zauna a birnin Saint-Étienne. A wancan zamani birnin ya yi suna wajen haƙar gawayin ƙasa, da saƙa, da ƙera bindigogi da kekuna. Yana kwance ne a gindin duwatsu.

Yana da shekara 28 ya sayi kekensa na farko. Son keke ya kama shi, har ya bar cinikin siliki, ya koma sayar da kekuna da ƙera su. A 1887 ya kafa jarida wadda daga baya aka sa ma suna Le Cycliste. A cikinta yake rubutu da sunan Vélocio, sunan da aka san shi da shi har yau. Shi ne kuma ya ƙago kalmar nan cyclotourisme.

Kekunan wancan lokaci gudu ɗaya gare su, kamar da yawa daga cikin waɗanda muke gani a kasuwanninmu. In mutum ya zo hawa, ko ya yi ta nishi yana danna feda da iyakar ƙarfinsa, ko ya sauka ya tura. Vélocio ya yi shekaru yana gwada dabarun da za su sa keke ya yi sauƙin tuƙi a kan tudu. Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Maƙera da yawa a Ingila da Faransa sun sa hannu. Amma shi ne ya fi kowa dagewa. Manyan ƴan tsere suka raina dabarar, a ganinsu ta waɗanda suka manyanta ce. Henri Desgrange, mai shirya babbar tseren nan ta Tour de France, ya daɗe yana ƙin ta. Sai a 1937 aka yarda manyan ƴan tseren su yi aiki da ita. A lokacin Vélocio ya shekara 7 da rasuwa, don a 1930 jirgin ƙasa na cikin gari ya buge shi a Saint-Étienne. Yana da shekara 76, bai daina hawan keke ba.

Bari mu bi hanyar da ta haɗa garin da ya zauna da garin da aka haife shi. Akwai hanya mai sauƙi ta bakin kogin Rhône. Mu kuwa ta cikin duwatsun jihar Ardèche za mu bi. Nisanta ya kusa kilomita 300, wato ya ɗara nisan Maraɗi zuwa Damagaram. Za mu raba ta kwana biyar, kimanin kilomita 60 a rana.

Shiri kafin tashi

Da farko sai a duba taswira. Kilomita 60 a fili aikin awa uku ne ko huɗu. Kilomita 60 cikin duwatsu kuwa suna iya cinye yini guda. Saboda haka mai hankali yana ƙidaya abu biyu: nisan hanya, da yawan mitocin da zai hau.

Na biyu, a zaɓi lokaci. Da hunturu dusar ƙanƙara tana rufe hanyoyin da ke kan duwatsu. A watan Yuli da Agusta akwai zafi, ga motocin baƙi sun cika hanya. Da kaka kuma akan yi ruwan sama mai ƙarfin gaske a Ardèche, ƙoramu su cika cikin ƴan awoyi. Watan Mayu da Yuni sun fi dacewa.

Na uku, kaya. Ba a goya su a baya, don suna gajiyar da kafaɗa. Ana zuba su cikin jaka biyu, a rataya su dama da hagun tayar baya, kamar mangala a kan jaki. Nauyin dama ya yi daidai da na hagu, abu mai nauyi kuma ya zauna can ƙasan jaka. In ba haka ba keke zai riƙa rinjaya.

Ga abin da ake ɗauka: famfo, da faci, da sholisho, da robar cikin taya guda ta ajiya, da sufana, da ɗan man sarƙa. Sai rigar ruwa, da rigar sanyi, da tufafin canji. Sai gorar ruwa biyu, da fitila, da hular kwano. Wanda zai kwana waje ya ƙara tanti da bargo.

Mu yi lissafi. A ce nauyin mutum kilo 60, keke kilo 15, kaya kilo 15. Jimla kilo 90 ke nan. Duk kilon da mutum ya ƙara, shi zai hau da shi kowane dutse har kwana biyar. A fili ba a cika jin nauyin kaya ba. Hawa ne yake tona asirinsu.

Daga ƙarshe a duba birki da taya, a daidaita sirdi. In feda ta kai ƙasa, ƙafar mutum ta kusa miƙewa. Sirdin da ya yi gajarta yana jawo ciwon gwiwa.

Rana ta farko: hawa

Ana auna tsawon duwatsu ne daga fuskar ruwan teku. Saint-Étienne yana kimanin mita 500 bisa teku. Da an fita gari ta kudu, hawa ya soma. Hanya ba ta bin kan dutse can ƙoli. Tana neman wurin da ya fi sauƙin ƙetarewa tsakanin kawunan duwatsu biyu. Faransawa suna ce ma irin wannan wuri col. Mu ce masa wuyan dutse. Na farko a hanyarmu shi ne col de la République, mai tsawon mita 1,161. A 1903, shekarar da aka soma Tour de France, shi ne wuyan dutse na farko mai sama da mita 1,000 da ƴan tseren suka ƙetare.

Daga gari zuwa can kimanin kilomita 17 ne, ana hawan mita 640 ko kusa da haka. Ma'ana, a cikin kowace mita 100 ta tafiya, hanya tana ɗagawa kusan mita 4. Shi ake kira hawan 4 cikin 100. A takarda kamar ba kome. A kan keke mai kaya kuwa aikin fiye da awa biyu ne.

Yaya ake yi? Ku dubi keke da kyau. A wurin feda akwai babban faifai mai haƙora. A tayar baya akwai ƙarami. Sarƙa ce ta haɗa su. A ce na gaba haƙora 48 gare shi, na baya 16. In feda ta juya sau ɗaya, haƙora 48 sun wuce, ƙaramin faifai ya juya sau 3, don 48 a raba 16 shi ne 3. Tayar baya ita ma ta juya sau 3. Kewayen tayar babban keke kimanin mita 2 da santimita 20 ne. Ashe juyi ɗaya na feda ya kai mutum mita 6 da santimita 60. A fili wannan yana da daɗi. A kan tudu kuwa ɗaga kilo 90 a tsawon wannan nisa da juyi ɗaya aiki ne ja.

Keken tafiyar duwatsu faifai da yawa gare shi a baya, manya da ƙanana, sau da yawa kuma biyu ko uku a gaba. Akwai wani ɗan ƙarfe da yake ture sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan, ana cikin tafiya. Da Faransanci sunansa dérailleur. Mu ce masa masauyin sarƙa. In an mai da sarƙa kan faifan baya mai haƙora 24, taya za ta juya sau 2, a tafi mita 4 da santimita 40. In na gaba 32 ne, na baya ma 32, taya za ta juya sau ɗaya tak, a tafi mita 2 da santimita 20. A nan ƙarfin da ake danna feda da shi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku na farko, amma sai an juya ta sau uku kafin a ci nisan da.

Kun ga ke nan aikin bai ragu ba, raba shi aka yi. Yaro ba ya iya ɗaukar buhun gero guda. In aka raba geron kashi uku, zai kai shi gida, sai dai ya yi sawu uku. Haka masauyin sarƙa yake yi ma tudu.

Vélocio ya bar ma masu keke shawarwari bakwai. Ɗaya daga ciki ita ce kada a matsa ma jiki, musamman a awoyin farko, lokacin da mutum yake jin ƙarfi. Ga ma'auni mai sauƙi: in kana hawa kana iya magana da abokinka, tafiyarka daidai take. In numfashi ya hana ka magana, ka yi sauri da yawa.

A wuyan dutsen akwai daji mai dogayen itatuwa, akwai kuma dutsen tunawa da Vélocio. A 1922, yana da rai, aka soma al'adar taruwar masu keke su hau wannan hanya don girmama shi. Wurin kuma marabar ruwa ne. Ruwan saman da ya zuba ta arewa yana bin kogin Loire zuwa tekun Atalantika. Wanda ya zuba ta kudu yana bin kogin Rhône zuwa Bahar Rum.

A nan sai a sa rigar sanyi tun ba a ji ɗari ba. Duk hawan mita 1,000, zafin iska yana raguwa da awo 6 ko fiye kaɗan. Ga jiki ya jiƙe da zufa, ga iskar gangara tana jira. Daga nan a sauka ta Bourg-Argental, a kwana a Annonay. A wannan gari ne, a 1783, wa da ƙane ƴan gidan Montgolfier, masu sana'ar takarda, suka nuna ma jama'a babban balo da iska mai zafi ta ɗaga sama.

Rana ta biyu: ci da sha

Daga Annonay hanya ta nufi Lamastre, sa'an nan Le Cheylard. Yau babu dutse guda babba. Sai dai da an gangara cikin kwari, wani tudu yana gaba. Irin wannan hanya tana cin ƙarfi a ɓoye.

A gefen duwatsu za a ga gonaki hawa-hawa, kamar matakala. Manoman da ne suka jera duwatsu, ba siminti, suka yi katangu don ruwa kada ya kwashe ƙasa. Dalili ɗaya ne da jerin duwatsun da mutanen Keita suka yi a gonakinsu a aikin raya karkara da aka soma a 1984. A kan waɗannan matakai akwai wani babban itace, châtaignier. Ƴaƴansa suna cikin kwasfa mai ƙaya. Ana gasa su, ana dafa su, ana niƙa su gari. Shekaru aru-aru su ne suka ciyar da mutanen duwatsun, har suna ce masa itacen burodi. Ana kiwon awaki kuma, ana yin cuku da nononsu.

Maganar abinci ta kawo mu ga shawarar Vélocio da ta fi shahara: a ci tun ba a ji yunwa ba, a sha tun ba a ji ƙishirwa ba. Me ya sa? Jiki kamar murhu yake, abinci ne itacensa. Jiki yana ajiye ɗan sukari a cikin hanta da tsoka, amma ajiyar ba ta da yawa. Aiki mai ƙarfi na ƴan awoyi yana iya cinye ta. In ta ƙare, ƙafafu su mutu nan take, ido ya yi duhu, jiki ya ɗauki rawa. Faransawa suna ce ma wannan hali fringale. Wanda ya faɗa cikinsa, ko ya ci abinci sai ya jira kafin ƙarfi ya dawo.

Maganin shi ne a riƙa ci kaɗan-kaɗan, a kai a kai: ɗan burodi, ayaba, dabino, busassun ƴaƴan itace. Babban abinci a bar shi sai dare. Cika ciki da rana yana sa kasala a kan tudu. Hutu ma ya zama gajere. In an daɗe zaune jiki ya yi sanyi, tashi sai ya yi wuya.

Kusa da wannan hanya akwai ƙauyen Saint-Félicien. Tun 1992 ake shirya wani taron masu keke a can, mai suna Ardéchoise, a watan Yuni. Dubban mutane suke zuwa, wasu su yi yini ɗaya, wasu kwana uku ko huɗu suna kewaya duwatsun.

Rana ta uku: gangara

Da safe ana tashi daga Le Cheylard, a yi ta hawa kimanin kilomita 20, har ƙauyen Mézilhac, sama da mita 1,100. Waɗannan duwatsu a zamanin da can suna aman wuta, amma sun daɗe da mutuwa. Yamma da nan akwai ɗaya mai siffar tulluwa, Gerbier de Jonc, mita 1,551. A gindinsa kogin Loire ya ɓuɓɓugo, kogin da ya fi kowane tsawo a Faransa.

Daga Mézilhac sai gangara, kusan kilomita 30, ta Vals-les-Bains har Aubenas. Yaro zai ce nan ne wurin daɗi. Gaskiya akwai daɗi, amma nan ne kuma wurin haɗari. A hawa gajiya kawai ake yi. A gangara ake karyewa.

Keke mai kaya, in an sake shi, gudunsa ƙaruwa yake ta yi. Hanyar dutse kuwa kwana-kwana ce, ba a ganin abin da ke gaba. Ga ƙa'idodin sauka:

A rage gudu kafin a shiga kwana. Kama birki da ƙarfi a tsakiyar kwana yana sa taya ta zame.

A kama birki biyu tare, a hankali. Na gaba ya fi ƙarfin tsayarwa, amma in aka damƙe shi farat ɗaya yana iya jefa mutum ta kan keke. Na baya shi kaɗai yana sa taya ta ja ƙasa.

Kada a riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Ku goga tafin hannuwanku da ƙarfi, za ku ji zafi. Haka robar birki take yi ma ƙarfen taya. In zafin ya yi yawa birki ya rage ci, wani lokaci har taya ta fashe. Sai a kama, a saki, a kama, a saki. In gangarar ta yi tsawo, a tsaya ƙarfe ya huce.

In an yi ruwa, birki ba ya ci da wuri, a rage gudu ƙwarai. A kula da tsakuwa da yashi a bakin hanya.

A riƙe hannun dama. A Faransa ma dama ake bi, kamar a Nijar. A bar tazara tsakanin keke da keke, hular kwano kuma tana kai.

Rana ta huɗu: zafi da gajiya

Kudu da Aubenas ƙasa ta sake kama. Manyan itatuwa sun ragu, sai gonakin inabi, da zaitun, da farin dutse mai gajerun itatuwa. A kusa da Vallon-Pont-d'Arc kogin Ardèche ya huda dutse ya wuce ta ƙarƙashinsa, ya bar wata gada wadda ba hannun mutum ya gina ta ba. Tsawonta sama ya fi mita 50. A nan kusa, a 1994, aka gano kogon Chauvet, mai zanen zakuna da dawaki da karkanda, waɗanda mutane suka yi tun kimanin shekara 36,000 da suka wuce. An rufe kogon don kada zanen ya lalace. A 2015 aka buɗe kwafinsa don baƙi.

Daga nan kogin ya shiga wani kwazazzabo mai zurfi, tsawonsa wajen kilomita 30. Kogi yana gangarawa, amma hanya ba ta bi shi ba. Ta haye can bisa, tana bin bakin kwazazzabon, hawa da sauka. Inuwa kaɗan ce, wurin samun ruwa ma kaɗan ne. Mutum yana hango ruwa can ƙasa, ba shi da halin kai wa gare shi. Dole a cika goruna kafin a shiga. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, amma wannan nauyi ne da ba a yin rowarsa. A tashi da sassafe, kamar yadda matafiyanmu suke yi da bazara, a riƙa kurɓa a kai a kai.

A rana ta huɗu gajiyar kwana uku ta taru. Cinyoyi sun yi tsami, sirdi ya dami mutum. A nan ake gane amfanin wata shawarar Vélocio: kada a kai jiki ga irin gajiyar da take hana ci da barci. Wanda bai ci ba, bai yi barci ba, gobe ba shi da abin tafiya. In tudu ya gagara, a sauka a tura. Ba abin kunya ba ne.

In ƙungiya ce, kowa ya hau tudu da irin saurinsa, amma a jira juna a bisa. Kada kuma a tashi da zarar na baya ya iso. Shi ne ya fi kowa bukatar hutu. Da yamma a sauka Pont-Saint-Esprit, a yi wanka, a wanke tufafi, a shafa ma sarƙa mai, a kwanta da wuri.

Rana ta biyar: iska

Da safe ana ƙetare kogin Rhône. A nan akwai tsohuwar gada ta dutse, wadda aka gina daga 1265 zuwa 1309. Hayin kogin fili ne. Sai dai wannan kwari yana da wata iska mai ƙarfi, busasshiya, mai sanyi, wadda take busowa daga arewa. Sunanta mistral. Tana tuna ma mutum iskar hunturu, sai dai ita ba ta zuwa da hazo, share sama take yi. Wanda ya nufi kudu, tura shi take yi. Wanda ya nufi arewa kuwa, kamar yana hawan tudun da ba a gani. Maganinta ɗaya ne da na tudu: a mai da sarƙa kan babban faifan baya, a sunkuya, a yi haƙuri. Ƴan ƙungiya su jeru, na gaba ya tare ma na baya iska, in ya gaji wani ya karɓe shi. In ta buso daga gefe, a riƙe kan keke da kyau, don jakunkuna suna kama iska.

Hanya ta ratsa Orange, inda Romawa suka gina babban gidan wasa kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Ta gabas ana hango dutsen Ventoux mai farin kai, wajen mita 1,900. Bai kai dutsen Bagazan na Ayar ba, wanda ya ɗara mita 2,000. Bayan Carpentras kaɗan, sai ga Pernes-les-Fontaines, garin da ya samo sunansa daga yawan maɓuɓɓugan ruwa da aka gina a titunansa. A lokacin bikin Ista Vélocio yakan hau keke daga Saint-Étienne ya zo wannan yanki. Masu keke sun riƙe wannan al'ada bayansa.

Abin da muka koya

Shawarar Vélocio ta ƙarshe ita ce kada mutum ya taka feda don nuna isa. Wanda ya ce sai ya riga kowa a tudun farko, shi ake jira a tudu na goma. Wanda ya rage kaya, ya raba aikin hawa, ya ci ya sha a kan lokaci, ya sauka gangara da hankali, shi yake ganin ƙarshen hanya da ƙarfinsa.

Ko kekenka gudu ɗaya gare shi, mafi yawan waɗannan ƙa'idodi naka ne. Ranar da aka aike ka wani gari ta hanya mai tudu, ka duba birki, ka daidaita kaya, ka cika gora, ka tashi da wuri. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Wane ne Vélocio? A ina aka haife shi, a ina ya zauna?
2. Mene ne wuyan dutse? Me ya sa hanya take bi ta nan?
3. Don me ake rataya kaya dama da hagu, ba a goya su?
4. Me ya sa ake ci tun ba a ji yunwa ba?
5. Faɗi ƙa'idodi uku na sauka gangara.
6. Me gonakin Ardèche da na Keita suka yi tarayya a kai?

Lissafi

1. Faifan gaba yana da haƙora 44, na baya 22. Sau nawa taya za ta juya in feda ta juya sau ɗaya? In kewayen taya mita 2 da santimita 20 ne, mita nawa aka tafi?
2. Wata hanya tana hawan 5 cikin 100. Tsawonta kilomita 2 ne. Mita nawa aka hau?

Aiki

Ku nemi keke a unguwarku. Ku ƙidaya haƙoran faifan gaba da na baya. Ku auna kewayen taya da igiya. Ku lissafa nisan da juyi ɗaya na feda yake kai mutum, ku kawo amsar aji.